Daga Oko-Oba Zuwa Badagiri Cikin Tsohon Jirgin Katako

In aka ambaci Ikko a gaban mutumin Arewa, abin da ya kan fara zuwa zuciyarsa shi ne gadoji da dogayen benaye da cinkoson motoci. In kuwa ɗan kasuwar shanu ne, to, Ikkonsa ba ta wuce Agege ba, Agegen ma unguwar Oko-Oba, inda babbar mayankar jihar take. Akwai 'yan'uwanmu da suka shekara 20 ko 30 a wannan unguwa, suka yi aure suka hayayyafa, Yarabanci ya zauna a bakinsu, amma ba su taɓa sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba, alhali tsakaninsu da bakin ruwa bai wuce kilomita 20 ba. Ga shi kuwa Ikko 'yar ruwa ce. Ruwa ne ya yi mata arziki, kuma har gobe akwai dubban mutane a jihar da ba su da hanyar zuwa kasuwa ko makaranta sai ta kansa.

Dalilin da ya sa ke nan na ga ya kyautu in kawo wa masu karatu labarin wata tafiya da muka yi cikin watan Nuwamba, daga Oko-Oba zuwa Badagiri, cikin wani tsohon jirgin katako mai inji. Tafiyar ba ta da wani nisa, amma abin da ke cikinta ya shafi mutumin Yawuri da na Bagwai kamar yadda ya shafi na Agege.

GONAR SARKI

Ma'anar Oko-Oba da Yarabanci ita ce gonar sarki. Yau kam ba gona, sai kara da mayanka. Tun 1992 da aka buɗe mayankar manyan motoci ke sauke shanu a nan daga Potiskum da Maigatari da Mai'aduwa da Illela da Mubi, kafin gari ya waye kuwa mahauta sun kama aiki. Wanda ya tsaya a bakin kara da hantsi, ya ji ana ciniki da Hausa, ga mai shayi ga mai fura, ga balbelu suna bin ƙafafun shanu, sai ya ɗauka a Wudil yake ranar Juma'a.

Amma goro ne ya riga shanu kawo Hausawa Agege, goron kuwa ta ruwa ya fara zuwa. A farkon ƙarni na 20 fataken da suka saba bin hanyar Gwanja da jakuna, tafiyar watanni, sai suka gane cewa in an loda goro cikin jirgin ruwa mai hayaƙi a Ankara ta ƙasar Gana, cikin 'yan kwanaki ya iso Ikko yana ɗanye shar. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan fatauci na bakin teku. Da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912, manoman yankin Agege kuma suka dasa irin goron Gwanja a gonakinsu, sai tashar Agege ta zama matattarar 'yan goro, zango ya kafu. Watau dai fataken farko sun san jirgin ruwa sarai, jikoki ne suka ba shi baya.

BAKIN TAFKI

Daga Agege muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari wanda ake kira Jan Layi, da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, muka sauka a Oyingbo cikin Ebute-Meta. Mu biyu ne, ni da wani dillalin shanu, dattijo mutumin Haɗeja, wanda ya ce shi dai zai raka ni ne don kada a ce ya bar baƙo shi kaɗai, amma in sani ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kalmar nan "ebute" tana nufin matsayar jirage a bakin ruwa, saboda haka duk inda mai karatu ya ji ta, kamar Ebute-Meta ko Ebute-Ero, to, ruwa na kusa.

Ruwan da ke nan bai zama teku ba tukuna. Wani makeken tafki ne mai tsawon kilomita 50 ko fiye, tudun rairayi ya raba shi da teku, ba sa haɗuwa sai ta mashigin da manyan jirage ke bi zuwa Apapa. Kogin Ogun da wasu ƙananan koguna suna zuba masa ruwan daɗi, teku kuma tana turo masa na gishiri sau biyu cikin yini da dare, ta ciko ta janye. Da damina ruwan daɗi ke rinjaye, da rani kuma na gishiri. Duk abin da ke cikin tafkin, kifi da tsiro har da katakon jirgi, da wannan canji yake tafiya.

A gefen doguwar gadar nan ta uku, mai tsawon kilomita 11.8 wadda aka gama a 1990, akwai wani wuri da ake kira Oko-Baba. Kada mai karatu ya rikita shi da Oko-Oba tamu. Shekaru da yawa nan ne cibiyar masu zarton katako ta Ikko. A kan ɗaure gumagumai a jere kamar tabarma, a jawo su bisa ruwa daga kurmin jihohin Ondo da Edo da Delta, tafiyar makonni, masu jan suna kwana a 'yar bukka a kansu. Gwamnatin jihar ta gina wa masu zarton sabon mazauni a Agbowa-Ikosi domin su koma can. Maƙwabciyar wurin ita ce Makoko, unguwar masunta, galibinsu ƙabilar Egun, waɗanda suka kafa gidajensu bisa dirkoki cikin ruwa. Gwamnati ta sha rushe sassan unguwar, kamar yadda aka yi a 2012. A nan yaro ɗan shekara 6 ya kan tuƙa kwalekwale zuwa aike kamar yadda namu kan hau jaki zuwa rijiya, mai tuwo da mai magani duk cikin kwalekwale suke talla.

JIRGI KIWO NE

A bakin Makoko muka sami mai jirgin da aka yi mana hanyarsa. Dattijo ne Egun, ya yi shekaru yana su a tafkin Kainji wajen Yawuri, saboda haka Hausa a bakinsa har da karin magana. Muka tarar sun kifa wani ƙaramin jirgi bisa gumagumai, shi da samari biyu suna kankare gindinsa. Bayan an gaisa an tambayi gajiya, abokin tafiyata ya dubi babban jirgin da za mu shiga gobe, wanda ke ɗaure a gefe, ya ce, "Baba, wannan tsohon naka shekararsa nawa?"

Dattijon ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wurin yayana na gaje shi. Amma in falankin da aka fara kafa shi da su kake tambaya, ba su fi uku suka rage ba. Garken da ka gada wurin mahaifinka, shanun da ya bar maka su ne a ciki har yau?"

Alhaji ya ce a'a, jikokinsu ne. Dattijon ya ce to haka jirgi yake.

Jiragen katako na wannan ƙasa iri biyu ne. Akwai kwalekwalen da a kan sassaƙe daga gungume ɗaya, irin wanda masuntan Gana kan yi da wani farin itace mara nauyi da suke kira wawa. Akwai kuma na falanki, wanda kafinta kan kafa masa haƙarƙari kamar na sa, sa'an nan ya bi shi da falankai yana bugawa da ƙusa. Shi ne ya fi ɗaukar kaya. Itacen da aka fi so shi ne loko, wanda Yarabawa ke kira iroko, da opepe, da dangin maɗacin nan na kurmi, domin suna jure ruwa. Amma da yake manyan itatuwa sun yi ƙaranci, kuɗinsu ya yi sama, masu ƙaramin ƙarfi sukan koma ga katako mai laushi, wanda ba ya daɗewa.

Abokan gabar jirgi, in ji dattijon, guda huɗu ne, ya kuwa nuna mana aikin kowanne da idonmu.

Na farko wata tsutsa ce ta ruwan gishiri. Masana sun ce ita ba tsutsa ba ce ta ainihi, dangin ƙumba ce, 'yan ɓawonta biyu ne a kanta take huda itace da su. Tana shiga falanki tana ƙanƙanuwa, ƙofar da ta bari ba ta fi bakin allura ba, ta yi ta cin ciki tana girma. Ya ɗauko wani guntun katako lafiyayye a ido, ya karya shi da hannu kamar rake, cikinsa duk ramuka kamar saƙar zuma. Alhaji ya ce wannan ai gara ce. Lallai garar ruwa ce, kuma da rani ta fi ɓarna sa'ad da gishiri ya yi yawa. Maganinta shi ne a fid da jirgi tudu lokaci-lokaci, a kankare gansakuka da 'yan ƙumbar da suka manne masa, a bar shi ya sha iska, a shafe gindinsa da kwalta ko fenti.

Na biyu rana ce. Katako yana kumbura cikin ruwa, kumburin nan shi ke matse falanki da ɗan'uwansa. In jirgi ya daɗe a tudu cikin rana, sai falankai su tsuke, tsakaninsu ya buɗe, ran da aka mai da shi ruwa ya yi ta yoyo kamar rariya. Ke nan shanyawar ma tana da ƙa'ida, a yi ta a inuwa, kuma kada ta zarce.

Na uku ruwan sama ne. Wannan ya ba ni mamaki, amma haka abin yake: ruwan daɗin da ya kwanta cikin jirgi ya fi na gishiri saurin ruɓar da katako, musamman a lungun haƙarƙari inda iska ba ta kaiwa. Don haka kowace safiya, ko za a yi tafiya ko ba za a yi ba, sai yaro ya shiga da yankakken galan ya kwarfe ruwan tas.

Na huɗu ƙusa ce. Gishiri yana sa ta tsatsa, tsatsar ta ci katakon da ke kewaye da ita ya yi baƙi ya yi laushi, sai ka ga kan ƙusa lafiya lau alhali ba ta riƙe da komai. Dattijon ya kan bi jirgin da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare, inda ya ji amon ya mutu sai ya soka tsinin wuƙa. In wuƙa ta shige, falankin nan ya tashi daga aiki, ba a jiran ya gama ruɓewa.

Mun tsaya mun ga yadda ake toshe tsakanin falankai. A kan murɗa tsumma ko zaren buhu, a dandaƙa shi cikin tsagar da kurfi da guduma, a zuba narkakkiyar kwalta, sa'an nan a rufe da siririn gwangwani a bi shi da ƙananan ƙusoshi kusa-kusa kamar ɗinkin baduku. Aiki ne na haƙuri, kuma kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ruwa ma.

MUN KAMA HANYA

Washegari da sassafe muka same su a Ebute-Ero, a tsibirin Ikko, sun gama lodin buhunan gari da katon-katon na kayan masarufi na ƙauyukan hanya. A jikin jirgin akwai wani farin layi da aka ja da fenti. Dattijon ya ce in ruwa ya taɓa layin nan lodi ya ƙare, ko buhu ɗaya ba ya ƙarawa. Muna nan wata mata ta zo da kwanduna tana roƙo, ya ba ta haƙuri ya nuna mata wani jirgin. Aka miƙa wa kowa rigar nan mai hana nutsewa, wadda Hukumar Hanyoyin Ruwa ta Jihar Ikko, da aka kafa a 2008, ta wajabta wa duk fasinja. Alhaji ya ɗaura tasa bisa babbar riga, muka yi addu'ar shiga jirgi irin wadda Annabi Nuhu, Alaihis Salam, ya yi, yaro ya ja igiyar inji.

Da fari tafiyar ta cikin hayaniya ce. Muka wuce ƙarƙashin gadar Eko, muka bi gefen Apapa da tashar Tin Can da aka buɗe a 1977, inda jiragen ƙasashen waje ke tsaye kamar unguwanni, namu a gindinsu kamar ƙwaryar sha. Ƙananan jiragen fasinja masu gudu suna ta giftawa, kowanne ya bar mana igiyar ruwa. Duk sa'ad da igiya ta taso, sai matuƙi ya rage wuta ya juya hancin jirgi ya tare ta, domin in ta bugi jirgi mai lodi ta haƙarƙari tana iya kifar da shi. Ruwan nan baƙi ne, ga mai yana yawo a kansa, ga leda da robobi ba iyaka. Ya kamata mu mazauna tudu mu sani, ledar da aka jefa a kwata a Agege ko Mushin, in ruwan sama ya zo, irin wannan wuri ne masaukinta. Gwamnatin jihar ta hana amfani da farar robar zuba abinci a farkon 2024 saboda wannan ɓarna.

Bayan kamar awa guda sai gari ya fara ja da baya. Muka shiga doguwar hanyar ruwan da ta miƙe yamma, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da teku har Badagiri, ta zarce Porto-Novo a Jamhuriyar Benin. Hagu da mu siririn tudu ne mai itatuwan kwakwa, a bayansa ana jin rugugin teku ba a ganinta. Wannan ita ce hikimar hanyar: mutum ya bi gaɓar teku kilomita wajen 60 ba tare da ya gamu da haukanta ba.

ABIN DA IDO YA GANI

Amfanin tsohon jirgi shi ne rashin gaggawa. Mai gudu ya kan kori duk abin da ke gabansa, namu kuwa tafiyar raƙumi yake yi, inda ruwa ya yi kaɗan ma sai a kashe inji a koma tura shi da gora. A nan ne muka ga masu gida.

Bakin ruwan duk wani irin itace ne da Turawa ke kira mangurob, wanda ke tsira cikin ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje suna tokare da laka kamar ƙafafun gizo-gizo. Da ruwa ya janye, sai lakar ta cika da ƙananan ƙaguwa, namijin yana da hannu ɗaya ƙato ɗaya ƙanƙane, yana ta ɗaga babban kamar mai kiran mota. Tare da su akwai wani ɗan kifi mai idanu a ka, wanda ke fita daga ruwa ya yi ta tsalle bisa laka da fukafukansa, har ya hau saiwa. Alhaji ya daɗe yana kallonsa, ya ce in ya faɗi wannan a kara ba mai yarda da shi. Cikin saiwoyin nan kifaye da jatan lande ke renon 'ya'yansu, saboda haka duk inda aka sare itacen domin ƙyafe kifi, ko aka cike wurin da yashi domin gini, masunta ne ke fara ji a jikinsu.

Tsuntsaye kuwa sai wanda ya gani. Ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi. Ga wani ɗan tsuntsu mai zanen fari da baƙi, ya kan tsaya cik a sama yana kaɗa fiffike, baki ƙasa, sai ya faɗo kamar dutse ya fito da kifi. Ga wasu baƙaƙe masu dogon wuya a kan turakun masunta sun shanya fukafukai, domin gashinsu yana jiƙewa in sun yi nutso. Shirwa ma tana nan da yawa. Ita 'yar ci-rani ce kamar mu, da rani ta gangaro kudu, damina ta faɗi ta koma Arewa. Akwai kuma baƙi na nesa, wasu fararen tsuntsayen teku masu wutsiya kamar ta tsattsewa, da wasu masu dogayen ƙafafu da ke tsintar abinci a laka. Waɗannan a ƙasashen Turai suke ƙyanƙyasa, in sanyi ya matsa musu su ƙetaro Sahara ko su biyo gaɓar teku su yi watanni a nan, daga wajen Oktoba zuwa Maris. Da muka kusa wani tsibiri muka ga guza ya faɗa ruwa, can kuma birai suna tsalle a ƙoƙuwar itatuwa.

Wajen azahar muka faɗa cikin wata irin kainuwa mai shuɗin fure, ta rufe ruwa kamar gonar alayyafo. Asalinta Kudancin Amurka ne, ta wannan hanyar kuma ta shigo ruwan Ikko daga Benin a 1984. Tana naɗe farfelar inji, tana hana masunta jefa taru. Gishiri ne ke kashe ta, shi ya sa ta kan yi yawa bayan damina ta ragu da rani. Sau biyu yaro yana ɗaga inji yana tsinke ta da hannu.

A nan ne dattijon ya ce a kashe inji, ya nuna mana wani wuri a gefe inda aka ci ciyawar ruwa aka bar guntaye suna yawo. Ya ce, "Malam, mutuminku ya yi kiwo a nan jiya da dare." Ayu yake nufi. Kowane Bahaushe ya ji sunan ayu, ko a bakin masu tallan magani, amma kaɗan ne suka san ko mene ne. Shi ba kifi ba ne. Dabba ce mai shaƙar iska, uwar tana shayar da ɗanta nono, abincinsa ciyawa, babbansa ya kan haura mita 3. Ana samunsa daga Sanagal har Angola, a cikin Kwara da Binuwai da irin waɗannan tafkuna na bakin teku. Macen ta kan yi wajen shekara guda da ciki ta haifi ɗa ɗaya tak, sa'an nan ta daɗe tana reno. Dillali ya fi kowa sanin abin da zai faru ga garken da haihuwarsa ke nan in ana yanka shi kullum. Dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta sa shi cikin dabbobin da aka hana kamawa, a 2013 kuma ƙasashen duniya suka hana cinikinsa tsakaninsu, amma har yanzu ana kashe shi saboda nama da mai, wasu kuma taru ke riƙe su a ƙasa su kasa fitowa shan iska. Mun yi kusan rabin awa shiru muna jira, bai fito ba. Dattijon ya ce yana yaro a kan ga hancinsa da rana tsaka, yanzu sai da dare, shi ma sai an yi sa'a.

BADAGIRI

La'asar sakaliya muka isa Badagiri, domin doka ta hana tafiyar dare a kan ruwa, kuma mun tsaya sauke kaya a ƙauyuka. Gari ne mai natsuwa, ga tsohon benen nan da 'yan mishan suka gina a 1845 yana kallon ruwa. Tsallaken ruwa tsibirin Gberefu ne, ta inda ake ƙetarar da bayi a bi da su cikin rairayi zuwa bakin teku. Wannan tarihi namu ne mu ma, domin cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa, aka kai su Bahia ta ƙasar Barazil, inda suka shirya tawaye a 1807, Musulmin can kuma suka yi wani babba a 1835.

Daga nan ne kuma Baturen nan Clapperton ya tashi a watan Disamba 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato a 1827. Cikin ayarinsa akwai wani Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. An sayar da shi bawa, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya zama ma'aikacin jirgi. A 1830 ya sake tashi daga Badagiri tare da Richard Lander da ƙanensa, suka je Busa da Yawuri, suka biyo Kwara cikin kwalekwale har suka tabbatar da inda take faɗawa teku. Ashe tun shekara kusan 200 da suka wuce akwai Bahaushen da ya san teku ya san kogi.

ABIN LURA

Yanzu bari mu koma gida. A watan Mayu 2021 wani jirgin katako ya tsage a kan Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi, mutane masu yawa suka halaka. A ƙarshen Nuwamban shekarar jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, aka rasa aƙalla rai 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga biki. Duk mun san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. In aka bi labarin irin waɗannan haɗurra, abubuwan da a kan tarar ba sa wuce lodi fiye da ƙima, da tafiyar dare, da rashin rigar ruwa, da jirgin da aka daɗe ba a duba lafiyarsa ba.

Hukumomi sun yi ta kira a daina amfani da jiragen katako a koma na ƙarfe da na roba. Wannan ba laifi in za a samar da su. Amma kafin su wadatu, talakan bakin kogi da na katakon zai ci gaba da zuwa kasuwa da asibiti, saboda haka a gyara wanda ke hannu. Jirgin da ya kai mu Badagiri ya girme wasu da suka nutse, abin da ya bambanta shi da su farin layi ne da guduma da galan na kwarfar ruwa, da mai shi wanda ke iya ce wa fasinja a'a.

Muna da Sarakunan Ruwa a Yawuri da Argungu da sauran garuruwan bakin kogi, waɗanda Sarkawa da masunta ke jin maganarsu. Da ƙananan hukumomi za su haɗa kai da su da Hukumar Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa mai hedkwata a Lakwaja, a sa ranar duba jirage kafin kowace damina, a ja wa kowane jirgi layin lodi da fenti, a ajiye rigunan ruwa a kowace mashiga, da an rage marayu. Mu fasinja kuma mu daina fushi da matuƙin da ya ce jirgi ya cika. Haka nan mai sayen man ayu ya sani da kuɗinsa ake ƙarar da dabbar.

'Yan'uwanmu na Oko-Oba da sauran zangunan Ikko kuwa, ran da kasuwa ta yi sanyi, a ɗauki yara a kai su bakin ruwa, ko Badagiri ko Epe, ko gandun dajin Lekki da aka kafa a 1990, inda za su ga birai da kada da tsuntsaye ba tare da an shiga jirgi ba. Gani ya kori ji. Allah Ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.